Tsintuwar Da Ba A Yi Wa Cigiya Ba

Hutun Babbar Sallar shekarar 2025 ne ya haɗa mu a gida Mungadi, mu 'yan ɗaki guda da neman abinci ya watsa, wani a Birnin Kebbi, wani a Sakkwato, wani kuma can Kurmi. Da yamma muna zaune a zaure muna jiran a kawo soyayyen nama, sai ɗan yayarmu da ke karatu a jami'ar Aliero ya buɗe kwamfutarsa ta cinya ya shiga wasa. Da fari ba mu kula shi ba, sai da muka ji ya ce shi ne Sarauniya Amina ta Zazzau, sannan muka matso.

Sunan wasan Civilization VII, ya kuma fito ne a watan Fabrairu na wannan shekarar. Irin wasannin nan ne na dabarun mulki da yaƙi, inda mutum zai kafa gari, ya yi ganuwa, ya tara runduna, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya kwance ta. Gaskiya mun ji daɗi da muka ga an jera Amina da manyan masu mulkin duniya. To amma da wasa ya yi nisa, sai muka ga yaron nan yana tura wasu mutane ƙasashen da ba nasa ba, suna haƙa, suna ciro kayan mutanen da, suna kawo masa yana jerawa a gidan tarihinsa. Ya ce in ya tara goma sha biyar ya kama hanyar cin wasa ke nan. Ya ƙara da cewa abin ba sabo ba ne, domin a cikin Age of Empires II na 1999, da zarar ka tsinci kayan tsarki ka kai wurin ibada, zinariya za ta riƙa zubo maka ba ƙaƙƙautawa.

Kawunmu, wanda ya haura tamanin, yana kishingiɗe bisa buzu, mu duk mun ɗauka barci yake yi. Sai muka ji ya ce, "Kai yaro, kayan ga da kaka kwasa, na wa na?"

Yaro ya yi dariya ya ce, "Kaka, ai ba su da mai su. Wanda ya riga zuwa shi ke da su."

Tsoho ya ce, "To, ka yi cigiya?"

Yara suka fashe da dariya. Mu manya kuwa sai muka sunkuyar da kai, domin mun taɓa jin wannan tambaya daga wannan bakin, kusan shekara arba'in da suka wuce.

Ga yadda aka yi. Wata damina a shekarun 1980, muna huɗa a gonar gidanmu da ke gefen wani kufai, sai garma ta daki wani abu ya yi ƙara. Muka tona da hannu, sai ga ɗan tulu an rufe bakinsa da kasko. A ciki akwai wuri cike da tafi uku ko huɗu, da wasu jajayen duwatsun wuya, da munduwa guda ta tagulla wadda ta yi tsanwa. Ba mu gaya wa kowa ba. Ranar kasuwar Jega muka bi motar hatsi, muka sami wani baƙo da ke yawon sayen tsofaffin kaya, ya juya munduwar, ya taɓe baki kamar ba ya so, ya miƙo mana abin da ya ga dama. Muka ci tsire, muka sayi ƙwallon roba. Ƙwallon bai yi mako biyu ba ƙaya ta fasa shi. Tulun kuwa tun a gona muka farfasa shi don kada a gane.

Da labari ya kai kunnen Kawu bai taɓa ko ɗayanmu ba. Ya zaunar da mu ya ce a fiƙihu abin tsintuwa shekara guda ake yi ana cigiyarsa, dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya ma akwai humusi a kanta. Sannan ya ce wannan kufai ba daji ba ne, mutane ne suka zauna a nan, kuma jikokinsu na nan da rai. Wa ya binne tulun? Gudun wane yaƙi ya sa? Ƙasar nan tamu ta ga tashin hankali: a nan kusa Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da rundunar Gobir ta kai masa a ƙarshen 1803 ya zama ɗaya daga cikin musabbaban jihadi, kuma a 1805 Birnin Kebbi ta faɗi a hannun rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Mai yiwuwa tulun ya ga wannan zamani, mai yiwuwa ya girme shi. Mun sayar da amsar a kan kuɗin tsire.

Saboda haka da gardama ta tashi a zauren nan a kan ko ya dace a sa kayan tarihi cikin irin wannan wasa, ba mu iya yin magana kamar masu tsabtar hannu ba. Ƙanenmu malamin makaranta ya ce a cire su gaba ɗaya, wai yaƙi da doki da hatsi da yawan jama'a ake cin sa, ba da tarkacen kufai ba. Mu kuwa ba mu yarda da shi ba, domin tarihinmu bai yarda ba. Mai karatu ya tuna da Dirki na Kano, wato abin nan da aka naɗe cikin fatu, sarakuna suna yi masa yanka don neman nasara. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Alwali ne ya sa aka farke shi, aka tarar da Alƙur'ani a ciki, mutane suka ɗauki hakan alamar ƙarewar mulkinsa, kuma shi ne Sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano. A Katsina har yau ana ji da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Korau. Ga kuma tutocin da Shehu Usmanu ya miƙa wa irin su Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero. Ƙyalle ne kawai, amma dubban mutane sun bi bayansa har gaban mashi. Wasan da ya ce yana ba da tarihin mulki, sannan ya bar irin waɗannan, ya yi miya ba gishiri.

To amma fa a lura da wani abu. Babu ɗaya daga cikinsu da aka tsinta a hanya. Ƙarfin tuta yana ga wanda ya ba da ita da jama'ar da suka shaida an bayar. Da Turawa suka ɗauke tutar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ba ta mayar da su sarakunan Musulmi ba, ƙarshenta ma a 1960 aka maido ta Sakkwato. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Nan ne wasan ya kauce. Ya ɗauki kayan tarihi tamkar kuɗin da ya faɗi a kasuwa, kowa ya riga sa hannu nasa ne, kuma amfaninsa ɗaya ne a hannun mai shi da hannun baƙo. Wannan ba idon Amina ba ne, idon baƙon nan ne na kasuwar Jega. Da irin wannan ido aka kwashe tagullolin Benin a 1897, waɗanda sai a 2022 Jamus ta fara maido da nata, Holan kuma ta maido da 119 a 2025. Da shi kuma aka yi ta tonon mutum-mutumin yumɓu na Nok da na ƙasar Sakkwato a shekarun 1990, har wasu suka ɓulla a gidan tarihi na Louvre da ke Faris a shekarar 2000.

Namu ra'ayin shi ne a bar kayan a cikin wasa, amma a ba su masu su. Wanda ya tono abu a ƙasarsa, jama'arsa su ƙara haɗa kai. Wanda ya ɗauko na wasu, ya ci ribarsa ta ɗan lokaci, amma ya sayi gabar da za ta bi jikokinsa, jakadu su yi ta sallama a ƙofar fadarsa. Wanda ya maido, ya sami aminin da zai tsaya masa ranar wuya. Wannan ai ya fi zama dabara, ya kuma fi kusa da yadda duniya take tafiya.

A nan ne muke ganin aiki ya faɗo kanmu, mu marubuta. Masu tsara wasannin nan daga littattafai suke ɗebo abin da suke sawa. In sun sami Amina, don an rubuta ta ne. Ina Kanta, wanda ya tsaya wa Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16? Ganuwar dutse ta birninsa Surame na nan tsaye, an sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, amma 'ya'yanmu nawa suka taɓa taka ta? Da muka tambayi ɗan yayar nan tamu, sai ya zamana bai taɓa shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ba, alhali a kwamfuta ya cika gidajen tarihi uku. Laifin ba nasa ba ne, mu ne ba mu kai shi ba.

Kwana biyu bayan Sallah muka cika mota da yara muka nufi Argungu. Suka ga masu da takubba da tambura da layun yaƙi, suna ta tambayar mai kula da wurin na wane ne wannan, na wane ne wancan, shi kuwa yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya. Mu dai muna baya muna leƙen ko za mu ga munduwa mai tsanwa irin tamu. Ba mu gani ba. Allah Ya yafe mana, Ya kuma jiƙan wanda ya binne tulun nan, ko wane ne shi.