Daga Gizago Zuwa Zarto

Mu 'yan ajin aikin katako mun saba da tsokana. Idan muka fito daga ɗakin aiki da ƙurar katako a rigunanmu, sai mu ji ana cewa, "Ga kafintoci nan!" kamar dai wanda ya kasa lissafi da kimiyya ne kaɗai ke riƙe zarto. Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi amfani da wannan fili mu bayyana wa 'yan'uwanmu ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu na ikkilisiya abin da muka koya. Kowace kujera da mutum ya zauna a kai tana ɗauke da tarihin mutanen da suka yi ta.

Bari mu fara da gida. Kafin zuwan Turawa, mai aikin itace a ƙasar Hausa shi ne masassaƙi, babban makaminsa kuwa gizago. Da shi yake sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujera 'yar tsuguno, kowanne daga gungume guda, ba ƙusa ba gam. Ya san halin kowane icce. Ƙirya, alal misali, ita ake nema domin turmi saboda taurinta. Me ya sa kujerar iyayenmu mata gajeriya ce? Domin murhu a ƙasa yake, wanke-wanke da tankaɗe ma a ƙasa ake yi. Maza kuwa tabarma da buzu sun ishe su. Zama a bisa na sarki ne a kan karagarsa, talakawa suna ƙasa. Ashe tsawon abin zama ma yana nuna matsayin mutum.

Maƙwabtanmu Nupawa na Bida sun yi suna da kujera mai ƙafafu da yawa, wata takwas wata goma, duka daga icce guda, samanta kuma an yi masa zane. A ƙasar Ashanti ta Gana, al'amarin ya wuce ado. Sun ɗauka cewa ran al'ummarsu yana cikin Kujerar Zinariya wadda suka samu a zamanin Sarki Osei Tutu, ba wanda ke zama a kanta, ko sarki. A shekarar 1900 gwamnan Ingila, Frederick Hodgson, ya nemi a kawo masa ita ya zauna. Wannan magana ta tayar da yaƙi, wanda wata sarauniya mai suna Yaa Asantewaa ta jagoranta. Jama'a, a kan kujera fa aka zubar da jini!

To, daga ina tebur da benci suka zo mana? Sunayensu ma sun tona asirinsu, gama tebur da benci da kabad da kafinta duk daga Turanci muka aro su. Makaranta irin ta mishan tana bukatar wurin ɗora littafi da tawada, majami'a kuma tana bukatar dogon abin zama da zai ɗauki mutane da yawa a jere. Don haka masu mishan suka haɗa koyar da karatu da koyar da sana'a. Mishan na Basel, wanda ya iso Gana a 1828, ya horar da kafintoci da maƙera, haka ma makarantar Hope Waddell da aka buɗe a Kalaba a 1895. Sabon abu a nan shi ne haɗi. Masassaƙi yana rage icce har siffa ta fito, kafinta kuwa yana tsaga katako, ya auna, ya fafe rami, ya shigar da wani cikin wani. Wannan ya sa aikinmu ba ya yiwuwa sai da lissafi, ko masu tsokana sun sani ko ba su sani ba.

Bangaskiya ma tana shiga cikin aikin hannu. Malaminmu ya ba mu labarin wata ƙungiyar masu bi da ake kira Shakers, waɗanda Ann Lee ta jagoranta daga Ingila zuwa Amurka a 1774. Sun ɗauki aiki a matsayin sujada, suna ganin yawan ado fahariya ne. Saboda haka kujerunsu ba su da ƙyale-ƙyale, ba su da nauyi, har ana rataye su a bango idan za a yi shara. Amma ba sa ha'inci, inda ido ba ya gani ma suna gyara shi kamar inda yake gani. Har yau masu neman kayan tarihi suna sayen waɗannan kujeru da tsada.

Sha'awar wata al'umma takan shafi dajin wata al'ummar. Tun zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, mutanen ƙasar Sin suke daraja kayan ɗaki na jan katako mai nauyi, waɗanda ake haɗawa ba tare da ƙusa ba. Da masu kuɗi suka yawaita a can, sai 'yan kasuwa suka bazama neman irin wannan icce har Afirka ta Yamma, suka same shi a jikin madobiyarmu. A jihar Taraba, inda masu sara suka laƙaba mata suna "Madrid", an yi ta lodin gungumenta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa. Ɓarnar ta kai har a 2016 ƙasashen duniya suka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Icce mai ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya girma, injin sara yana kayar da shi kafin a gama shan kunu.

Wannan ne abin da ke damunmu. Katako mai kyau yana ƙara wuya da tsada, kujerun roba sun cika majami'u da wuraren biki, tsofaffin masassaƙa kuma suna ƙarewa ba magada. Ba mu ce roba ba ta da amfani ba, tana da arha da sauƙin ɗauka. Amma idan ƙafarta ta karye sai juji, alhali bencin madaci ana gyara shi, jika ya zauna inda kakansa ya zauna.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikkilisiya, kafin a fitar da tsofaffin bencuna a yi makamashi da su, a kira mu mu duba ko za su gyaru. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba kowane aji wuri ya dasa madaci da madobiya, ya kuma kula da su har ya gama. 'Yan'uwa ɗalibai kuma, idan kun je hutu, ku nemi masassaƙin garinku ku zauna da shi, ku tambaye shi sunayen itatuwa da amfaninsu, ku rubuta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƙannenmu da ke ajin farko, ƙofar ɗakin aiki a buɗe take, ku zo ku koya tun yanzu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, amin.