Manhajar da ta san dala

Sana'ata haɗa manhajojin wayar salula, a nan Maraɗi. Wadda na fi daɗewa a kanta ƙarama ce: littafin bashi na masu shago, a kan Android. Abin da ya fi cin lokacina a cikinta shi ne yadda muke ƙirga kuɗi.

A takarda sefa muke rubutawa, a baki kuwa dala muke faɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shago ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jika kuwa sefa 1000. Manhajar da ba ta san haka ba, in aka buga mata 100 sai ta aje sefa 100, kashi huɗu cikin biyar na bashin ya salwanta. Ranar biya sai gardama, har a ɓata da maƙwabci.

Shi ya sa na yi mata gurbi biyu: ka buga dala, sefa ta fito a ƙasa, kai da mai cin bashin ku gani tare.

Masu sayo kaya a Jibiya sun nemi in ƙara naira. Aikin da nake yi yanzu ke nan. Tun da canjinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, na bar wa mai shago ya riƙa sa farashin ranar da hannunsa.