Kano: Abin da Muka Rasa da Aka Rushe Shataletale

Duk wanda ya san birnin Kano shekaru ashirin da suka shuɗe, ya san da shataletale ake yin kwatance a cikinsa. Baƙon da ya shigo ta titin Zariya sai a ce masa ya miƙe har shataletalen Dangi, daga nan ya yi tambaya. Yau Dangi ta zama hawa uku: hanya ta ƙarƙashin ƙasa, hanya a doron ƙasa, ga kuma gada a sama. Haka aka yi wa Hotoro a zamanin Ganduje, kamar yadda aka ɗora gadar sama a Ƙofar Nasarawa a zamanin Kwankwaso, daga baya kuma aiki ya kai Tal'udu da Ɗan Agundi.

Ina bin waɗannan hanyoyi kusan kullum, kuma na shaida an samu sauƙin cunkoso. Abin da nake gani a gindin gadojin shi ne ke damuna: mota ta sauko a guje, ta tarar da mai Adaidaita Sahu yana sauke fasinja, ga 'yan makaranta sun riƙe hannun juna suna jiran sarari su tsallaka. Gada tana ba direba damar taka totur, sannan ta juye gudun nasa a daidai inda jama'a suka fi yawa.

Shataletale kuwa aikinsa karya gudu. Masana tsara hanya sun ƙidaya wurare 32 da motoci za su iya cin karo a mararraba mai hannu huɗu, amma a shataletale mai layi ɗaya wuraren 8 ne kacal. Karon da ya fi kisa shi ne na gaba da gaba, da wanda mota ke dukan wata a haƙarƙari. Da yake kowa na zagayawa ta fuska guda, waɗannan biyun kusan ba sa aukuwa a shataletale. Yawanci gugar jiki ake yi, a fasa fitila, a yi cacar baki, kowa ya koma gida da ƙafarsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya gano cewa mahaɗun da aka mayar shataletale sun samu raguwar haɗurran da ake jikkata da kashi 76 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta nuna cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun kilomita 30 cikin awa yana da damar rayuwa ta kusan kashi 90, amma a kilomita 45 damar ba ta kai rabi ba.

Fitilar danja ba ta da wannan tasiri. Umarni kawai take bayarwa, mai ganganci ya ga dama ya bi, ya ga dama ya tsallake. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, mararraba sai ta koma filin nuna ƙarfi. Da'irar siminti ba ta jiran lantarki, kuma ko direba ya ƙi ko ya so sai ya taka birki.

Shataletale ma yana da sharaɗi. A 1966 Ingila ta kafa dokar cewa mai shiga ya dakata wa wanda ke ciki, kuma a kan wannan doka tsarin gaba ɗaya ya dogara. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, wanda ke zuwa daga hagunka shi ke da hanya. Da yawan direbobinmu ba wanda ya taɓa gaya musu haka, shi ya sa kowa ke cusa kai har a cushe. Haka nan shataletale mai faɗi da layuka barkatai yana cutar da masu babur da keke, kuma inda tireloli suka yi yawa kamar Hotoro, gada ta fi dacewa.

Sai dai mahaɗun da suka fi yawa a Kano ba manya ba ne. Ƙanana ne na cikin unguwanni, a bakin makarantu da kasuwanni da masallatai, waɗanda ba za su taɓa samun gada ba. Kuɗin gada ɗaya zai gina ƙananan shataletale masu yawa a irin waɗannan wurare, a zana wurin tsallakawa, a koya wa direbobi dokar dakatawa kafin a ba su lasisi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ina roƙon masu tsara birnin, duk lokacin da suke lissafin mintocin da gada za ta rage wa mai mota, su haɗa da yaron da zai tsallaka a ƙarƙashinta.