Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi Cikin Marsandin Baba

Mahaifinmu ɗan kasuwar auduga ne a Funtuwa. A shekarar 1984, da ciniki ya yi masa kyau, ya sayi mota ƙirar Marsandi, fara ƙal, irin wadda ake kira 230E. Ranar da ya shigo da ita unguwa, yara suka bi ta da gudu har ƙofar gida. Shekara arba'in tana hannunsa. Kafin ya rasu ya kira mu, ya ce, "Motar nan kada ku yi gardama a kanta. Ku kai ta ƙauyenmu, a riƙa ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti." Ya faɗi haka ne domin ƙanwarsa a kan hanya ta rasu wajen haihuwa, tun yana saurayi, ana ɗauke da ita a kan amalanke.

To, cikin watan Agusta na 2024, ran wata Asabar da sassafe, muka kama hanya don cika wannan wasiyya. Mu uku ne: ni, da Inna, da wani bakanike wanda ya daɗe yana duba motar.

Bari in ɗan faɗa wa masu karatu yadda Funtuwa take, domin waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Gari ne na mararraba. Hanya ɗaya ta nufi Zariya, ɗaya Gusau da Sakkwato, ɗaya Birnin Gwari, ɗaya kuma Katsina. Hakimin garin Sarkin Maska ake ce da shi, gama daga Maska sarautar ta taso. Jirgin ƙasa da auduga su suka raya garin. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga, baƙi suka yi ta zuwa daga ko'ina. A 1975 kuma aka buɗe babban shirin aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin nan ya kawo takin zamani, da sabon irin masara, da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. A shekarar nan dai kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna, har 504 ta cika hanyoyinmu. Marsandi kuwa ta manya ce. Wanda ya hau ta a kwanakin nan, an san Allah ya buɗa masa.

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi wajen mil 30 ne. Muka bi ta Bakori, garin da ya yi suna wajen kasuwar hatsi. Dama da hagu ba abin da ido ke gani sai masara ta fi mutum tsawo, da dawa, da waken soya, da shinkafa a fadamu. Gonakin auduga suna nan jefi-jefi, amma ba kamar zamanin Baba ba. A kan kwalta motar ta yi ta tafiya sumul, sai ka ce jiya aka sayo ta. Inna tana zaune a baya, inda ta saba zama, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa a zuciyata ina ta zana yadda mutanen ƙauye za su fito su tarye mu, a yi ta sa mana albarka. Ba zan ɓoye muku ba, akwai alfahari a ciki.

Wajen ƙarfe tara muka shiga Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina. A ƙasar nan akwai gidajen Maguzawa masu yawa, kuma daga cikinsu ne ekklesiyoyin Hausawa na wannan yanki suka fito. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na birnin Libaful a Ingila sun yi shekaru a nan suna binciken cututtukan karkara, kamar zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da saran maciji. Wanda ya zauna a ƙauye ya san ba cutar kaɗai ke kisa ba. Sau da yawa nisan hanya ne, da rashin abin hawa a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Bayan Malumfashi muka sauka daga kwalta, muka kama burji. Nan labari ya sha bamban. An kwana ana ruwa. Motocin ɗaukar kaya sun haƙa hanyar, tsakiyarta ta yi tudu, gefe biyu sun yi kwari. Marsandi kuwa gajeriya ce, cikinta kusa da ƙasa, ga nauyi. Ba mu yi mil biyu ba salansa ta bugi dutse. Muka ɗaure ta da waya, muka ci gaba. Da muka iso wani rafi, ƙafafun baya suka nutse cikin laka, suna ta juyawa a banza. Masu babura suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, wani ma da buhu biyu a bayansa. Daga bisani wani manomi ya kwance shanun hudarsa, aka ɗaura igiya, shanu biyu suka fid da motar da ta taɓa zama abin kallo a Funtuwa. Muka ba shi kuɗi, ya ƙi karɓa, ya ce, "Ai matafiyi baƙon kowa ne." Tafiyar mil bakwai ta cinye mana awa uku.

Mutanen ƙauye suka karɓe mu da murna ƙwarai. Aka kawo fura da dafaffiyar masara. Bayan an yi addu'a, aka zauna a gindin ɗorawa kusa da majami'a, dattawa a kan tabarmi, matan zumunta a gefe. Na miƙe na faɗi wasiyyar Baba, na ajiye makulli a gaban babban dattijo, wanda abokin wasan Baba ne tun suna yara.

Tsohon ya ɗauki makullin, ya jujjuya shi, ya yi godiya mai tsawo. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, in tambaye ka. Me take ci?"

Na ce, "Fetur, Baba." Bakanike ya ƙara da cewa takan sha wajen lita 12 a kilomita 100, in hanya mai kyau ce.

Ya ce, "In ta yi ciwo fa, wa ke da maganinta?"

Bakanike ya ce sai an je Kano ko Kaduna neman kayan gyara, waɗansu ma sai an yi sa'a.

Ya ce, "Da damina, da tsakar dare, mace tana naƙuda, za ta haye rafin nan?"

Na yi shiru, gama laka tana nan a wandona har gwiwa.

Tsohon ya ce, "Mahaifinka ba mota yake so mu samu ba. So yake kada wata ta sāke mutuwa a hanya kamar ƙanwarsa. Ni na riƙe amalanken a daren nan. In ka bar mana wannan, za mu gina mata rumfa, yara su riƙa wasa a ciki, kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta. Baikonmu na wata guda ba zai cika tankinta ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuwa tsaya nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun zo da abin da muke da shi, ba mu tambayi abin da suke bukata ba.

Raina ya ɓaci, na dubi Inna, ina tsammani za ta ce mu koma da abinmu. Sai ta share hawaye da bakin mayafinta, ta ce, "Malam, a sayar. Shi ma da yana nan, da ya ga shanun nan, haka zai ce."

Ashe ba mu ne farkon masu yin haka ba. A Amurka mutane da yawa sukan ba ƙungiyoyin taimako tsofaffin motocinsu. Galibi ƙungiyar ba ta hawan motar. Gwanjonta take yi, ta yi aiki da kuɗin, a rage wa mai kyautar haraji. Tun 2005 dokarsu ta ce, in ƙungiyar ta sayar da motar a kan fiye da dala 500, to, da kuɗin da aka sayar za a yi lissafi, ba da darajar da mai ita yake zato ba. Mu a nan ba don haraji muke bayarwa ba, amma darasin ɗaya ne: darajar kyauta tana wajen amfanin da ta yi wa mai karɓa.

Muka kwana a ƙauyen, domin a yankin nan yanzu mai hankali ba ya tafiyar dare. Kashegari bayan sujada samari suka raka mu har muka haye rafi. Bayan wata biyu wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya saye ta. Muka yi takardar ciniki da ta canjin mallaka a gaban shaidu, don kada wata rana a yi ɓarna da motar a zo neman gidanmu. Da kuɗin aka sayi babur mai ƙafa uku, irin mai akwati a baya, aka yi masa rumfa, aka shimfiɗa katifa. Abin da ya ragu aka damƙa wa matan zumunta don mai da gyara. Ran kasuwa yakan ɗauki hatsi a biya, da haka yake ciyar da kansa. In ruwa ya yi yawa, maza huɗu sun isa su tura shi. Marar lafiya kuwa, Kirista ne ko Musulmi, ba a karɓar ko kwabo a hannunsa.

Ya ku 'yan'uwa, watakila a gidanku akwai wata tsohuwar mota a rufe da tamfol, kuna tunanin ba da ita ga ekklesiya, ko gidan marayu, ko ɗakin shan magani. Niyya ce mai kyau, alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma kafin ku kai, ku je ku ga hanyar da za ta bi. Ku tambayi wanda zai tuƙa ta, da wanda zai zuba mata mai. Ku faɗi gaskiyar lafiyarta. In kun bayar kuma, ku sakar musu hannu, ko da sayarwa za su yi.

Da kaka aka aiko wa Inna da kwaryar sabuwar masara daga ƙauye, tare da saƙo cewa an kai wata mai naƙuda asibitin Malumfashi da asuba, ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Inna ta tambayi ko an raɗa mata suna. Aka ce sunan ƙanwar Baba aka sa mata.