Ashana da Cokalin Ruwa: Wahalar da Wata Budurwa Ta Sha Kan Yunifom Ɗin Ƙanwarta

ITA dai wannan baiwar Allah budurwa ce mai ɗinki a wata unguwa cikin birnin Kano, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta da abin da take ji da shi kamar ƙanwarta, wadda kowa a gidan ke kira Auta. Ita ta goye ta, ita ke yi mata kitso. Da yarinyar ta samu shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a watan Satumba na 2024, Yaya ce ta fasa asusunta ta biya kuɗin yunifom: riga fara, hijabi fari, wando shuɗi, saiti biyu. A makarantar ake sayar da shi, a ɗinke, cikin leda. Doka ce, ba a zuwa da na waje.

Ranar da aka kawo kayan kowa sai da ya yaba. Yadi ne mai santsi da sheƙi, in an wanke kafin a gama shara ya bushe, kuma ba ya neman guga. A garin da wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, ai wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Yaya ta murza shi tsakanin yatsunta, ta gane roba ta fi yawa a ciki, amma ta ce a ranta, to mene ne? Shi kowa yake sawa.

Ba a yi wata guda ba Auta ta fara susa. Daga wuya abin ya fara, daidai inda bakin hijabi ke kwanciya, sannan ya sauko lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Da sanyi ya shigo sai ya lafa, aka manta. Amma da azumi ya zo a watan Maris na 2025, zafi ya kankama, sai ƙurajen suka dawo da ƙarfinsu. Cikin dare Yaya kan farka ta ji ƙarar farce a kan fata, da safe a ga ɗigon jini a jikin zanen gado. Allah Sarki, yarinyar da ba ta rufe baki don surutu ta koma sai kuka da ƙunci.

Umma ta gwada man kaɗanya, ta gwada sabulun salo, aka canza garin wanki. Wata maƙwabciya ta ce borin jini ne, wata ta ce ƙazuwa ce, wata kuma ta rage murya ta ce baki ne, a nemi tsari. Yaya ce kaɗai ta lura da wani abu. Ran Asabar da Lahadi, in Auta ta yini cikin tsohuwar atamfarta, fatar kan huce. Litinin da yamma kuwa, wuya ya yi jawur.

Likitan da suka gani bai yanke hukunci a kan abu ɗaya ba. Ya ce akwai ƙurajen zafi, kuma da alama fatar yarinyar ba ta shiri da wani abu a jikin yadin. Ya rubuta man shafawa, ya ce a nema mata kayan auduga zalla, masu yalwa, waɗanda ba a shafa wa komai ba. Yaya ta yi murmushi. A Kano? Ai wannan aikin yini ɗaya ne.

Ashe da sauran rina a kaba.

Bari mu ɗan tsaya nan mai karatu ya fahimci abin da ake nema, don matsala biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko zaren kansa. Foliyesta, wanda 'yan kasuwa ke kira yadin roba, daga man fetur ake samo shi, ɗan'uwan gorar ruwan roba ne. Ba ya shan gumi kamar auduga, sai gumin ya zauna tsakanin fata da tufa. Ta biyu kuwa ita ce abin da ake shafa wa yadi bayan an saƙa shi. Don kada ya yamutse, masana'antu kan yi amfani da wani irin ƙaro mai fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda da shi ake haɗa ruwan fomalin na adana gawa a asibiti, kuma an daɗe da sanin yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayin fata. Ƙasar Japan tun 1973 ta yi dokar da ta taƙaita shi a tufafi. Don kada yadi ya kama tabo kuma, ana shafa masa wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, su daɗe a ƙasa da ruwa da jikin mutum. A 2022 wasu masu bincike sun gwada kayan makarantar yara da ake sayarwa a Amurka da Kanada, suka samu PFAS a duk waɗanda aka tallata cewa ba sa kama tabo. Abin mamaki, na auduga sun fi na roba yawan sinadarin. Jihohin Kalifoniya da Niyok sun hana sayar da tufafin da aka sa wa PFAS daga farkon 2025. Ka ga ke nan ko an rubuta auduga zalla a gefen yadi, ba a gama magana ba.

Da aka yi hutu a watan Afrilu, Yaya ta shirya ta nufi Kantin Kwari. Cikin jakarta akwai almakashi, kwalin ashana, ƙaramin cokali da gorar ruwa.

"Alhaji, fari nake nema na yunifom, amma na auduga zalla."

"Kotin ne wannan, Hajiya, tsantsa! Taɓa ki ji."

"A ɗan yanko min bakinsa?"

Nan ake fara samun matsala. Wani ya yanko da fara'a, wani ya haɗe rai ya ce shi ba ya sayar da wasa. In ta samu ƙyallen, sai ta fita can gefe inda babu kaya, don Kwari ba wurin wasa da wuta ba ne, ta ƙyasta ashana. Tun tana koyon ɗinki uwar ɗakinta ta nuna mata wannan. Auduga na ci da wuta kamar takarda, warinta na takarda ne, kuma tokarta mai laushi ce, da ka murza ta baje. Roba kuwa gudun wuta take yi, ta ƙanƙance, ta narke, ta bar baƙin dunƙule mai tauri da warin ƙonanniyar leda. Wanda aka gauraya, irin tetiron, sai ya ba ka duka biyun: toka a tsakiya, ƙullutu a baki. Ƙyalle tara ta ƙona a ranar farko, kuma duk taran an rantse mata kotin ne. Bakwai sun narke.

A nan ya kamata a yi wa 'yan kasuwar adalci. Yawancinsu ba ƙarya suka shirya ba. Haka aka faɗa musu a inda suka saro, kuma a bakin kasuwa duk yadin da ya yi laushi sunansa kotin.

Biyun da suka tsallake ashana ta kai su gida ta wanke, don sitacin sabon yadi ma kan hana ruwa shiga. Da suka bushe ta ɗiga musu ruwa da cokali. Ɗaya ya shanye nan take. Ɗayan kuwa ruwan ya tsaya a kansa mulmul kamar a kan ganyen gwaza, ya gangare bai jiƙa shi ba. An shafa masa wani abu ke nan. Wanda ya sha ruwan ta damƙe shi a tafin hannu ta sake, sai ya miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba. Audugar da ba ta yamutsewa abar tuhuma ce. Ba za ta iya rantsewa kan abin da aka sa masa ba, wannan sai ɗakin gwaji, amma ba ta yarda ta gwada shi a wuyan Auta ba.

A zuwa na uku ne wani yaron shago ya ji tausayinta ya raka ta wani lungu, wurin wani dattijo da ke zaune kan buzu, ga bandir-bandir na farin yadi jingine a bayansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya.

"'Yata, abin da kike nema ai alawayyo ne da akoko. Ku 'yan zamani kun raina su ne kawai."

Ya zaro mata ta gani. Akoko bai yi fari tas ba, ruwan madara ne, da ɗan kaushi da ƙananan baƙaƙen ɗigo na ɓawon auduga. Alawayyo an wanke shi ya yi fari. Babu sheƙi ko kaɗan. Ta ƙyasta ashana: toka. Ta damƙa: ya cukuikuye kamar fuskar tsohuwa. Ba ta taɓa murnar ganin yamutsattsen yadi ba sai ranar.

Abin da ya tsaya mata a rai a hanyar gida shi ne a ce a Kano ake wannan nema. Garin da Bature Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ƙasar da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, dubban mutane na cin abinci a ciki. Waccan masaƙar ta tsaya a 2002, babbar United Nigerian Textiles ta rufe a 2007, da yawa daga na Bompai da Sharaɗa suka zama kufai. Rashin wuta, tsadar man injin da kwararowar yadin waje mai araha suka haɗu suka karya su. Yanzu yaron da kakansa ya noma auduga, roba yake sawa zuwa makaranta.

A gida kuma sabuwar rigima. Umma na ganin yadin ta ja da baya.

"Wannan ai na likkafani ne! Shi za ki sa wa 'yata?"

"Umma, shi kakanninmu suka sa suna raye kafin a naɗe su a ciki."

Umma ta harare ta, amma ba ta sake magana ba.

Yaya ta jiƙa yadin ya kwana, ta wanke sau biyu kafin ta sa almakashi, don auduga na shiga bayan wanki, in ba a yi haka ba rigar bana ta zama ta ƙanin baya. Na wandon ta kai marinar Ƙofar Mata, ta jaddada wa marinin cewa rinin baba take so, na rami, ba na zamani ba. Ya fito shuɗi mai duhu, ya ɗara na makaranta kaɗan, kuma sai da aka ɗauraye shi sau da yawa kafin ya daina zuba.

Shugabar makarantar da farko ta ƙi. Ta ce in ta buɗe wa ɗaya ƙofa, gobe kowa zai zo da kalarsa, kuma gaskiya tana da hujja. Yaya ba ta yi gardama ba. Ta ajiye takardar likita a kan tebur, sannan ta ɗage hijabin Auta ta nuna mata wuyan. Matar ta daɗe tana kallo. Ta ce a kawo ɗinkin ta gani, in ya yi daidai da tsarin nasu, ta amince.

Wanda ba a yi shawara da ita ba ita ce mai kayan. Ranar farko Auta ta dawo ta jefar da jaka tana hawaye. Wai 'yan ajinsu sun ce ta sa buhun fulawa, kuma kafin a tashi tara rigar ta yamutse alhali ta kowa na nan sumul.

"Yaya, ni dai ki ba ni tsohon. Gara in yi ta susa."

Wannan maganar ta fi duk yawon Kwari yi wa Yaya ciwo. Shekara goma sha biyu ba shekarun da mutum ke son fita daban ba ne, ta sani, ita ma ta wuce nan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce su yi yarjejeniya ta mako biyu, in fata ba ta canza ba za ta mayar mata da tsohon da hannunta. Daga ranar kullum da daddare sai ta hura gawayi ta zuba a dutsen guga, ta yayyafa ruwa, ta goge riga da hijabi har su kwanta. Ɗan sitacin rogo take sawa a rigar kaɗai, ban da bakin wuya.

Ko yadin ne, ko man likita, ko duka biyun, kafin mako biyun su cika jan ya dushe, ɓawon ya zube, aka daina jin farce cikin dare. Auta ba ta ce an gode ba, ba ta kuma sake tambayar tsohon yunifom ba. Har yanzu takan yi mita kan yamutsewar, kuma farin na kama datti da wuri, kullum cikin wanki ake.

Ana cikin zangon ne wata mata ta yi sallama a shagon Yaya, riƙe da hannun wata yarinya sanye da yunifom ɗin makarantar su Auta. Ta ce ita ba ɗinki ta kawo ba tukuna, tambaya ta zo yi. Ta ɗage hijabin yarinyar. Yaya ta duba, ta jawo musu benci, sannan ta miƙa hannu kan keken ɗinki ta ɗauko kwalin ashana.