Yadda Tsohuwa Ta Tona Mana Asiri

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mu 'yan ajin ƙarshe mun sha jin wannan magana, har mun sha rubuta ta a allo, amma ba mu san nauyinta ba sai da motar makarantarmu ta fassara mana ita.

Duk wanda ya zauna nan ya san motar, wadda mu ke kira Tsohuwa. Land Rover ce, ƙirar Solihull ta ƙasar Ingila. A 1948 aka fara fito da irinta, tamu kuwa tana cikin kashi na uku, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1971 zuwa 1985. Ita ke kai marar lafiya asibiti da dare, ita ke rarraba mu ƙauyuka in lokacin gwajin koyarwa ya zo. Ran Asabar a kan ba mu ita mu wanke, mu duba ruwa da mai, Baba direba na gefe yana lura.

Wata Asabar Baba ya tafi jana'iza. Muka buɗe ɗan tulun man kuloci, muka ga ya yi ƙasa. Sito na kulle, ga kuwa galan na man inji a gindin bango. Wani cikinmu ya ce, "Mai ai mai ne." Muka cika tulun, muka rufe, ba mu gaya wa kowa ba.

Bayan kamar mako uku feda ta soma nawa, in an taka sai ta dawo a hankali. Ran Litinin da asuba, mun loda akwatunanmu za a kai mu ƙauye, Baba ya taka kuloci, sai feda ta tafi ƙasa sululu ta kwanta. Inji na aiki, giya ta ƙi shiga, sai gurnani.

Nan da nan muka yanke hukunci, muka ce faifan kuloci ne ya ƙare, sai an sauke giyabos. A irin wannan mota ba ƙaramin aiki ba ne, don sai an kwance kujeru da daɓen ƙasa kafin a ɗago shi ta cikin ɗaki. Ma'aji ya ji kuɗin da za a kashe, ransa ya ɓaci. Ya ce ai halin direbobi ne ɗora ƙafa bisa feda suna tafiya, sabo da haka daga albashin Baba za a yanke. Baba ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in tambaye ta tukuna."

Kafin mu faɗi tambayoyin da ya yi mata, ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya ke. Tsakanin inji da giyabos akwai faifai wanda wani murfi mai sifirin ke matse shi. Muddin yana matse, ƙarfin inji na isa ƙafafu. In an taka feda sai matsin ya saki, a sami damar sauya giya. Land Rover ta fari da sandunan ƙarfe a ke kai wannan saƙo, amma tun daga 1958 mai ne ke kai shi. Akwai ƙaramin famfo a sama kusa da feda, akwai wani a ƙasa jikin giyabos, bututu ya haɗa su. Asirin abin shi ne wanda Pascal, mutumin Faransa, ya bayyana cikin ƙarni na 17, watau ruwan da ke rufe, in an danna shi ta wannan gefe, dannin na isa wancan. Iska ita ce ba ta da wannan amana, in an matsa ta sai ta takure.

Baba ya ce mana, "Samari, faifai in ya cinye ba ya ka da feda. Za ku ji inji na kuka a hawa, mota ba ta ja, ga ƙauri. In kuma ƙara ku ke ji lokacin da aka taka, to, boris ne. Feda da ta faɗi ba nauyi, saƙo ne bai isa ba. A hanya za a neme shi."

Ya sa ɗayanmu ya shiga ƙarƙashi ya zuba wa famfon ƙasa ido, wani ya taka. Ba alamar motsi. Ya duba ƙusar da ta haɗa feda da sandar famfon sama, tana nan lafiya. Ya shafa bayan feda, hannunsa ya fito da danshi, ya ce nan ne yoyon ya fara tun da daɗewa. Sa'an nan ya buɗe tulun. Ya ga mai bai ƙare ba, ya yi shiru. Ya aika aka kawo ruwa a kofi, ya ɗiga man a ciki. Man birki na gaskiya ya kan gauraya da ruwa. Wannan kuwa sai ya taso sama ya yi ido.

Bai dube mu ba. Ya ce wa kofin, "Wani ya shayar da ke abin da ba naki ba." Ma'aji na tsaye, mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Da mun yi shiru da ba mai iya kama mu, gama tulu ba ya magana, makulli kuma a hannun Baba ya ke kwana. Amma albashin mai iyali ne a kan faifai. Shugaban ajinmu ya matsa gaba ya ce, "Baba, mu ne." Ya faɗi yadda aka yi duka.

Da aka kwance famfon sama muka ga aikin hannunmu. Robobin da ke ciki an yi su ne don man birki, irin wanda a ke rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa. Man inji daga man fetur a ke tace shi, in ya taɓa irin wannan roba sai ta kumbura ta yi laushi. Tamu ta yi kamar ƙullun da ya tashi, ta daina riƙe matsi. Baba ya ce duk robar da man ya bi sai an sake ta, ta sama da ta ƙasa da tiyon da ke tsakani. Muka wanke bututun ƙarfe sarai, muka haska cikin famfunan don neman tsatsa ko zane, gama sabuwar roba ba ta daɗewa cikin rami mai kaushi.

Wajen mayarwa ma sai da ya tsare mu sau biyu. Mun ɗaura famfon ƙasa da 'yar ƙusar fitar da iska tana kallon ƙasa, ya ce mu juya ta sama, don iska sama ta ke taruwa. Ya kuma sa muka bar wa sandar famfon sama ɗan wasa, misalin milimita 1.5, don in ba wasa mai ba ya samun hanyar komawa tulu.

Saura fitar da iska. Muka sa siririn tiyo a bakin ƙusar, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ƙasa ya buɗe ya ce, "Taka!" In feda ta kai ƙasa ya ɗaure ya ce, "Saki!" Na uku na tsaye yana ƙara mai kada tulu ya bushe, yana kiyaye kada ya ɗiga a jikin mota, don man birki na cin fenti. Haka muka yi ta yi har kumfa ya ɗauke, feda ta yi nauyi a ƙafa. Da la'asar Baba ya ta da inji, ya sa giya ɗaya, ta shiga ba ko tari.

Kuɗin robobi da tiyo da mai mu muka tara daga guzurinmu, ba a taɓa albashin Baba ba, ba a kuma taɓa giyabos ba. Mun isa ƙauyukanmu a makare da kwana ɗaya. A hanya wani ya tambayi Baba ko tun farko ya san mu ne. Ya ce, "Tun da na buɗe tulun. Jira na ke in ga irin malaman da za a aika wa 'ya'yan mutane."

'Yan'uwa da za ku gaje mu wajen aikin Asabar, in kun ga mai ya yi ƙasa ku nemi inda ya ke fita, ku kuma jira mai makullin sito. Mun rubuta "Man birki kaɗai" da farin fenti kusa da tulun, don Allah in ya dushe ku sabunta shi.