Gyaran da Ya Kamata a Tsaya a Kansa

Da muka share ɗakin marigayi yayana a Gummi, na tsinci Segarsa a ƙasan akwati. Irin ta farko ce, Mega Drive da aka fara fitarwa a Japan a 1988. Da ita ya buɗe ɗan shagon gem muna yara, a kanta kuma na fara jin kiɗan da Yuzo Koshiro ya tsara wa Streets of Rage 2 na 1992. Na jona ta. Hoto ya fito, amma sautin ya shaƙe kamar mai mura.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa. Yana buɗewa ya nuna mini kafasitoci. A cikin waɗannan ƙananan gwangwanaye akwai ruwan sinadari da shekaru da zafi ke busarwa, idan ya bushe sai sauti ya dushe ko ya riƙa gurnani. Ya canza su ɗaya bayan ɗaya, bayan ya kori yaran da suka kewaye teburin. Tun annobar gubar dalma ta 2010, da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, ba ya narka dalmar liƙi kusa da yaro.

Gyara na biyu mai sauƙi ne. Ramin bayan wannan samfuri sauti guda yake fitarwa, amma ramin abin kunne na gaba yana raba shi dama da hagu. Daga nan ya ja waya zuwa lasifika biyu. Ganga da garaya na ƙarfe suka ware, kowanne a gefensa.

Saura na uku. Na karanta cewa ƙwayar sautinta, Yamaha YM2612 mai muryoyi shida, tana da aibi tun daga masana'anta: idan amo ya yi ƙasa yana shirin ɗaukewa, sai ta ƙara masa ɗan kaushi. Ƙanwarta YM3438 ta rage wannan aibi, wasu kuma suna musanyawa.

"Baba, a cire ta a sa mai tsabta?"

Ya saurara jim kaɗan. "Ɗana, abin da ya lalace na gyara. Wannan kuwa haka aka haife ta. Kar garin neman gira a rasa ido."

Na daɗe ina juya maganarsa. Masu kiɗan zamanin sun saurari aikinsu ta wannan ƙwaya. Idan na cire ta, zan samu sauti mafi kyau wanda yayana bai taɓa ji ba.

Na biya dattijon kuɗin aikinsa, na bar ƙwayar inda take. A daren na kunna wa ɗan marigayin, na ce ya kasa kunne idan kiɗan ya zo ƙarewa.